Daminar da Na Karɓi Takardar Murja

Gwaggo Kulu ba ta buɗe kwanon ba. Ta karɓe shi daga hannuna, ta riƙe jim kaɗan idonta a ƙasa, sannan ta miƙo mini shi da murfinsa yadda na kawo.

"Ki ce ma Innarki mun ƙoshi."

Dambun rama ne a ciki, ganye ya fi tsaki yawa. A wannan watan babu gidan da ya ƙoshi a garinmu, ko gidan mai unguwa. Katanga ɗaya ce tsakaninmu da gidan Baba Alu, mijin Gwaggo Kulu, kuma tun da na yi wayo kwano bai taɓa fashi ba: namu ya tafi da rana, nasu ya zo da yamma. Na leƙa bayanta ina neman Murja, ɗiyarta, ƙawata ta aji. Tana bakin murhu tana hura ɗanyen icce. Ta ji muryata sarai, amma ba ta ɗago ba. Na juyo gida da kwanon, ban san laifina ba.

Damina uku ke nan da yin wannan. Yanzu ina Gummi gidan yayata, inda ake ɗora tukunya sau uku a yini. Shekaranjiya ana ruwa ta dafa tafasa don marmari, ta kwaɗa da ƙuli da albasa da mai, yara suna ta wawaso. Ni ko da ƙamshin ya buge ni sai na tsame hannu, na fita zaure na tsaya har ruwan ya ɗauke. Ta ce me ya same ni, na ce ba komai. Shi ne na ce bari in rubuta, ko ya sauka daga ƙirjina.

Ruwa kam an yi shi a waccan shekarar, irin wanda manomi ke roƙo. Garinmu yana tsakanin Anka da Bukkuyum, gonakinmu na kirki kuwa suna can Fadamar Kuka, tafiyar awa guda a ƙasa. Tun noman fari mutanen daji, wato 'yan bindiga, suka hana zuwa. A can suka harbe Lawali, yayan Murja, da fartanya a hannunsa. Daga ranar ba wanda ya ƙara wuce rafi. Ruwa ya yi ta zuba a kan dawar da ba mai nome ta, har ciyawa ta shanye ta. Kowa ya dawo ya matsu a 'yan gonakin bayan gari waɗanda ƙasarsu ta gaji.

Kafin gero ya yi ciki, Baba ya shiga rumbunmu da kansa ya share ƙasansa da tsintsiya. Abin da ya fito bai cika ƙwarya biyu ba. Inna ta koma girki sau ɗaya. Da gari ya waye mu mata mu fita a ƙungiya tsinkar tafasa da rama, 'yan sintiri biyu suna tsaye a kanmu da bindigogin toka, raɓa ta jiƙa zane har gwiwa. A dawo a wanke, a dafa, a matse ɗacin, a barbaɗa ɗan tsaki don dai ciki ya ji nauyi. Icce duk ɗanye, hayaki ya sa ido ya yi ja. Idan ruwa ya ɗauke sai rana ta buɗe da wani irin zafi mai damshi, jiki ya yi ta danƙo. An rufe kasuwa, an yanke sabis na waya, makarantarmu ma an rufe.

Malama Rabi, mai koya mana Turanci, 'yar Gummi ce, amma da aka rufe makaranta ba ta tafi ba. Ta tara mu shida 'yan ajin ƙarshe, Litinin da Alhamis bayan azahar, a rumfar gidan da take haya.

"Turancinku ya isa cin jarrabawa," in ji ta ranar farko. "Amma da shi ko akuya ba za ku sa ta sauya hanya ba. Muhawara za mu koya."

Ta hana mu karantawa daga takarda. Ta hana ɗaga murya. In kika ce "jama'a suna shan wahala" sai ta ɗaga hannu: "Wace jama'a? Ba ni mutum ɗaya, da sunansa da garinsa." Ta ce ki fara da ciwon abokiyar gardamarki, ki faɗe shi fiye da yadda ita za ta faɗa, sannan ki kawo naki. Hujjar da ta fi nauyi ki bar ta ƙarshe, in kin faɗe ta ki yi shiru, kada ki ɗora komai a kai. Tana ɗaukar muryar kowa a wayarta, ta kunna mana mu ji inda muka yi tuntuɓe, sannan ta goge.

Dokarta babba ita ce ta faifai. Takardu biyu a naɗe a kan faifai, ɗaya goyon baya, ɗaya adawa. Wadda hannunki ya ɗauko ita za ki kare, ko kin yarda ko ba ki yarda ba, kuma ba musanya. "Abin da kika ɗauko shi ne gaskiyarki na minti biyar," haka take cewa. Mun yi a kan gero da dawa wanne ya fi, har Murja ta sa mu dariya muna riƙe ciki da yunwa, wai dawa tsohuwa ce mai nawa, gero kuwa saurayi.

Wata Alhamis Malama ta ce yau za mu taɓa abin da ke ƙona mu: a yi sulhu da mutanen daji domin manoma su koma gona. Wata a cikinmu ta ce, "Malama, wannan fa ba na wasa ba ne." Ta ce in ba mu iya tsara magana a kan abin da ke cin ranmu ba, to me muka koya? Ni da Murja aka kira. Muka ɗauka. Malama ta shiga ɗaki ɗauko waya.

Murja ta warware tata, na leƙa. Goyon baya. Ko arba'in ɗin Lawali ba a yi ba. Ban yi wani tunani ba, na cusa mata tawa a tafin hannu na zare tata.

Kuma wallahi na yi ƙoƙari, wannan shi ne abin da ke ba ni kunya har yau. Yadda aka koya mini haka na yi. Na fara da Lawali, na kira sunansa. Na kira Fadamar Kuka. Na kawo Kawu Buba, ƙanen Innata, da ke ruga wajen Gwashi, wanda mutanen daji suka kore wa shanu, mutanen gari kuma suke masa kallon ɗan daji. Na rufe da rumbunmu da tsintsiyar Baba, na yi shiru. Malama ta tafa. Ta ce wannan ba za ta goge ba, za ta riƙa kunna wa 'yan baya. Na koma gida ina jin kaina kamar na ci tuwo da nama.

Mako biyu bayan nan aka dawo mini da kwano.

Da la'asar ranar Baba ya shigo daga masallaci, bai ko yi sallama ba.

"Sa'a, zo nan. Mi kinka hwaɗi cikin wayar Malama?"

Ashe ga yadda aka yi. Ba wuta a gari, kowa wurin mai janareta a tasha yake kai caji. Shi kuma tun da aka yanke sabis yake zuba wa mutane waƙoƙi da wa'azi a memori, abin da ya samu a wannan waya ya tura a waccan. Haka muryata ta bi gari. Ta Murja an riga an goge, tawa kaɗai ta rage. Mutanen da ba su jin Turanci suka ji Lawali, suka ji Fadamar Kuka, suka ji Buba. Wani da ya taɓa zama a Anka ya fassara musu sauran, kuma bai yi ƙarya ba: ta ce a yi sulhu.

"Sun ce aike kike yi ma mutanen daji, da Turanci don kada a gane," in ji Baba. Ya rage murya. "Sun ce infoma."

Inna ta ajiye ludayi. Bafillata ce, shekara ashirin da wani abu a gidan, amma a irin wannan rana ba a manta daga ina ta fito. Kuma duk mun san abin da kalmar infoma take jawowa. A farkon damina an kira wani mai tallan burodi da ita, aka fita da shi bayan gari a kan babur, ba mu sake ganinsa ba. Shugaban 'yan sintirin garin kuwa Baba Alu ne.

Na ce a kira Malama ta yi bayani. Baba ya ce ta tafi Gummi duba mahaifiyarta kwana uku da suka wuce, gulbi ya kawo, mota ba ta shiga ba ta fita. Wayar kuma ba sabis.

Da Baba ya fita na gaya wa Inna maganar musanya. Ta kama hannuna ta matse.

"Kada in ji sunan ɗiyar Alu ga bakinki. Mutum ya binne ɗanshi, ki ce mishi ɗiyarshi ce ta ɗauki gefen waɗanda sunka kashe shi? Cewa zai yi kin watsa ma gidanshi ƙasa don ki tsira."

"Inna, ai ba ta yi ba. Ni na yi."

"To ki bar shi nan."

Kwana bakwai ban leƙa ƙofar gida ba. Inna ke fita tsinkar tafasa, ta ce mata suna barin fili tsakaninsu da ita kamar mai ƙyanda. Ni ina ɗaki, zufa tana bin bayana, rufi yana ɗiga a tasa. Ko wane babur ya wuce sai in tsaya ina saurare, zai tsaya ne ko zai wuce. In ya rage gudu wajen kwatar ƙofarmu, sai in ruga bayi. Geron bayan gari ya fitar da kai a makon, ana gasa tumu a maƙwabta, ƙamshi yana shigowa, ni kuwa ko sha'awarsa ban yi ba. Abin haushi, in na zauna tsara abin da zan faɗa in an kira ni, da Turanci yake zuwa mini, hujja ta ɗaya, ta biyu, ta uku, a jere tsaf. In na nemi in juya shi Hausa sai ya watse.

Rana ta takwas da hantsi aka aiko daga zauren mai unguwa. Ana yayyafi. Inna ta raka mu har ƙofa, ta gyara mini hijabi sau biyu. Hanyar da nake bi a minti biyar ta yi mini nisa. Mata sun tsaya jikin katangu da buhu a ka suna kallo.

Na durƙusa a bakin zauren, Baba ya zauna kusa da ni. Maza sun kai ashirin. Baba Alu yana gefen mai unguwa, bindiga a kwance kan gwiwoyinsa. Mutumin da ya sha ɗaukata a kafaɗa ina ƙarama, yau ko kallona bai yi ba. Wani ya kunna waya. Muryata ta cika zauren, tana tafiya da gadara, ba ko gargada. Da ta zo kan sunan Lawali na ga yatsun Baba Alu sun motsa.

"Muryarki ta?" in ji shi.

"Tawa ce, Baba."

"Wa kinka yi ma aike?"

Na ce ba kowa. Na yi bayanin faifai da takardu. Na ce darasi ne, ana ba ki gefe ki kare shi ko ba ki yarda ba, kamar wasa.

"Wasa," in ji shi. "Da sunan Lawali anka yi wasa."

Na san na yi ɓaranɓarama. Mai unguwa, tsoho ne mai sanyin hali, ya gyara zama.

"To Alu, abu mai sauƙi. In da gaske kowane gehe ana iyawa, ta yi muna ɗayan mu jiya. Amma da Hausa, ɗiyata, mu nan ba mu ci boko ba."

Na buɗe baki ban san me zai fito ba. Sai ga shi yana fitowa. Na fara da yunwa, na ce na san rumbuna sun ƙare, na san mai neman sulhu ba don son 'yan daji yake nema ba. Sannan na ce amma wanda ya harbi mutum yana duƙe a kan kunyar gona, bai tambayi sunansa ba, da wane baki zai yi alkawari? In ya bar mu mu shuka, wa ya ce zai bar mu mu girbe? Na ce Lawali gona ya tafi, ba yaƙi ba. Na yi shiru.

"Haka na," in ji wani. Kawuna suka riƙa gyaɗawa. Baba ya saki numfashi. Na ce a raina na tsira.

Sai Baba Alu ya ɗago ya dube ni, karo na farko.

"Kun gani ko? Wanga shi na abin tsoro. Jiya ta sa mutum shi so sulhu, yau ta sa kuna gyaɗa kai. Bakin da ka iya wanga kuma shi iya wancan, ni wanne za ni ɗauka? Ke Sa'a, bar faifai, bar Malama. Wanne na naki?"

Wannan kam ba a koya mana ba. Na nemi hujja ta ɗaya, babu. Ƙasan zauren kawai nake gani, da tururuwa tana jan ƙwayar hatsi.

"Ban sani ba, Baba," na ce. "Wallahi ban sani ba. In na tuna Lawali ba na son sulhu. In na ga Babana ya leƙa rumbu ya sauko bai ce komai ba, ina so. Tsoronsu nake ji. Yanzu kuma tsoronka nake ji, kai da nake shiga gidanka ba sallama."

Kuka ya ƙwace mini. Ba wanda ya ce in yi shiru. Baba Alu ya bari har na lafa.

"Takardar sulhun, da hannunki kinka ɗauko ta cikin faifan?"

Maganar Inna ta faɗo mini. In na ce e, na yi ƙarya a gaban manya, kuma 'yan mata huɗu sun gani. In na ce a'a, sai ya ce wa ya ɗauko. Na yi shiru. Shirun ya yi tsawo har wani ya ce, "Ana tambayarki."

"Baba, tawa ta."

Daga bayana muryar ta fito. Murja ce, tsaye cikin yayyafi, ko takalmi babu. Ashe tana cikin matan da ke jikin katanga.

"Ni na ɗauko ta. Na kasa. Sa'a ta amshe ta ba ni tata don kada in hwaɗi da bakina. Malama ba ta sani ba." Ta share ruwa daga fuskarta. "Kwana bakwai ina son in gaya maka, tsoro nike ji."

Baba Alu bai juya ba. Fuskarsa ba ta nuna komai ba.

"Koma gida," ya ce mata.

Ya miƙe, ya rataya bindiga, ya bi ta gabana ya fita. Rigarsa ta shafi kafaɗata. Mai unguwa ya dubi mutane, mutane suka dube shi, sannan ya ce wa Babana, "Malam Garba, ku tahi. Za a neme ku."

Ban san ko gyara aka yi ko ɓatawa ba. Abin da Inna ta guda shi ya faru, kuma a gaban maza ashirin. Yinin nan duka ba mu ji motsi daga gidansu ba, ba daka, ba kukan yara, ko hayaki bai tashi ba. Inna ta ɗaure 'yan kayana a ɗankwali ta tura ƙarƙashin gado, ban tambaye ta ina za a kai ni ba, tun da ba hanya.

Washegari Juma'a. Ruwa ya ɗauke tun safe, rana ta fito da ƙarfinta. Baba ya sa rigarsa fara ya tafi masallaci. Muna jin huɗuba sama-sama, muka ji an tayar, muka ji an sallame. Lokacin da ya saba dawowa ya wuce. Na zauna a bayan ƙofar ɗaki na haɗa kai da gwiwa. Babur ya zo, ya rage gudu, ya wuce. Wani ya zo, ya wuce.

Sai sallamar Baba, da ƙarfi, irin wadda na kwana biyu ban ji ba.

"Ina Sa'a?"

Ya ɗaga labule ya tsaya, zufa ta jiƙa masa wuyan riga.

"Alu ya miƙe bayan sallama, kahin mutane su watse. Ya ce ɗiyar Garba kaya ta ɗauke ma ɗiyarshi, kayan da shi uban bai san tana ɗauke da su ba. Ya ce duk wanda ya ƙara kiranki da wancan suna, ko ya taɓa ƙohwar gidanga, da shi ya yi. Ya sa kowa ya hiddo waya an goge nan gaban liman." Ya share fuska da hannun riga. "An gama. Hito ki sha iska."

Da rarrafe na kai bakin ƙofa, hasken tsakar gida ya kashe mini ido.

Inna tana tsaye da taɓarya a hannu. Ta jingine ta, ta buɗe baki ta kira ni da Fillanci, "Ɓingel am," ɗiyata, da ƙarfi, ba ruwanta da wanda zai ji. Ta ci gaba da zuba shi, faɗa ne, addu'a ce, ban tantance ba. Sai a lokacin na lura, kwana tara ke nan ko kalma ɗaya ta harshen uwarta ba ta bari ta fita daga bakinta ba.